Yadda Tsoho Yake Sauka Gangare

Allah ya karɓi ran kakanmu lokacin da gero ya fara nuna, bayan sallar azahar, yana zaune a kan tabarmarsa a gindin aduwar ƙofar gida. Bai yi jinya ba. Mu jikokinsa Tsoho muke ce masa. Sauran mutane kuwa Mai Mota suke cewa, domin a garinmu, can saman dutse a ƙasar Deule, mota ɗaya ce tak, kuma tasa ce. Allah ya jiƙansa, ya yalwata masa makwanci.

Mutane sun zo gaisuwa har na fara zargin wasu ƙamshin gumba ne ya jawo su. Amma da na kasa kunne sai na ji kowa da labarinsa, kuma kowane labari a cikin motar yake farawa. Wata mata ta shigo tana jan wani ƙaton saurayi mai gemu, ta nuna shi ga matan gida ta ce, “Wanga cikin motar nan anka haihe shi, ba mu ko kai likita ba.” Saurayin ya rasa inda zai sa kansa. Wani dattijo daga Karofane ya ce shi maciji ya sare shi a gona, Tsoho ya ɗauke shi zuwa Buza, kuma tun daga tashi har isa faɗa yake masa don ya bugo ƙofar mota da ƙarfi. Ya ce, “Ni ina ta kaina, shi yana ta ƙyaurenshi.” Aka yi dariya, sai dattijon ya ja bakin rawaninsa ya rufe ido.

Motar tana nan inda ya bar ta, kusa da rumbu. Na lura maza da yawa idan sun zo wucewa sai sun ɗora tafin hannu a kanta, kamar yadda ake shafa kan maraya.

Iya, matarsa, ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Da mata suka matsa mata da ban haƙuri sai ta ce, “To, yanzu dai in samu barcin sahe, ba mai tada min inji bakin kunne.” Tana rufe baki ta juya ta fuskanci bango.

A wajenmu idan tsoho ya cika da shekarunsa, jikoki ba sa zaman makoki shiru. Wasa muke yi, mu kwaikwayi mamacin, mu tsokani 'ya'yansa har sai sun dara ko ba sa so. Wannan kuwa aikina ne tun ina ƙarama. Na sa hularsa da rigarsa mai tabon baƙin mai, na riƙe faifai kamar sitiyari, na shiga tsakar gida ina gurnani da baki, na tsaya a gaban Gwaggo, ƙanwar Baba, na daka mata tsawa da muryarsa: “Ke! Wa yac ce ki hau min mota da kaza ba ɗauri?” Gwaggo ta yi dariya har hawayen dariya ya haɗu da na kuka. Daga cikin ɗaki wani takalmi ya fito ya same ni a baya. Iya ce.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: Yaya, wana da nake bi. Daga Madawa ya taho, ya iso an riga an rufe Tsoho. Ya gai da Baba, ya gai da Iya daga bakin ƙofa, ya je ya zauna a bayan rumbu, ta gefen da ba a ganin motar. Kowa ya san dalili. Bara Tsoho ya karɓe makullin mota daga hannunsa a gaban jama'a, ya ce masa ya je ya tuƙa amalanke. Tun ranar ba su sake magana ba. Yanzu Yaya ya sa wa ransa cewa Tsoho ya shiga kabari yana fushi da shi.

Na cire hular na same shi. Na ce, “Yaya, wallahi Tsoho ya yahe maka. Kullum sai ya kira sunanka. Kuka yake yi hal tabarma ta jiƙe. Ya ce daga nan hal Makka babu direba irinka.”

Ya ɗago ya dube ni. “Tsoho na kuka?”

“To, ban ga hawayen da idona ba, amma…”

“Tsohon da ƙarhe ya murƙushe mai yatsa bai ce wash ba? Ke, don Allah ba yau ba. Je ki yi wasanki.”

Ya tashi ya bar ni tsaye da rigar mamaci a jikina. Abin da ya dame ni ke nan. Ni na san abin da Tsoho ya yi a watanninsa na ƙarshe, kuma ni ce a gidanmu in na ce ruwa na zuwa sai an leƙa waje an duba.

Bari in faɗi wane ne Tsoho, don ƙannenmu da za su tashi ba su san shi ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, hannuwansa ko an wanke da toka ba sa fita. Ya yi tuƙi a wani aikin gyaran ƙasa a wajen Keita tun ba a haife mu ba, da aikin ya tashi ya dawo gida da wata tsohuwar mota kat-kat, irin mai hawan dutse, da kowa ya ce ta mutu. Launinta na asali har yau ana gardama. Ni na ce fara ce, Iya ta ce shuɗiya, shi kuma ya ce launi ba ya hawan dutse.

Abin alfaharinsa kunnensa ne. Yakan ce mota ba ta ɓoye ciwonta, masu ita ne ba su da haƙurin saurare. Idan baƙuwar mota ta hauro garinmu, kafin direban ya kashe ta Tsoho ya gama mata bincike daga kan tabarma. In da safe inji na sanyi ka ji cik-cik-cik kamar agogo, da ya ɗumama kuma ƙarar ta ɓace, to wata 'yar kafa ce a bututun hayaƙi kusa da inji, zafi ne ke kumbura ƙarfen ya toshe ta. In gurnani ne mai kauri daga ƙarƙashin kujera, tukunyar da ke tsakiyar bututun ce ta huje. In kuwa kwaram-kwaram ne, kuma sai a kan duwatsu kawai, abin da ke riƙe da bututun ne ya tsinke, a nemo waya. Na taɓa gaya wa 'yan ajinmu a kolej cewa yana gida yake jin ciwon motar da ke tashar Buza. Wannan ni na ƙara. Amma kaɗan na ƙara.

Daga garinmu duk inda za ka sai ka sauka. Hanyar ta bi jikin dutse, kwana bayan kwana, jar tsakuwa mai santsi, dama dutse, hagu rami. A ƙasa akwai babbar rijiya da ƙauyen da Gwaggo take aure. Tsoho ya sauka gangaren nan fiye da yadda na ci tuwo a rayuwata, amma bai taɓa raina shi ba. A bakin gangaren sai ya tsaya cak. Ya fito ya zagaya motar, ya duba ɗaurin kaya, ya koma ya taka birki ya riƙe, yana jira ya ji ko zai nutse a ƙarƙashin ƙafarsa. Sannan ya sa ƙaramin bitas, wato ƙaramar giyar mota, tun hancin motar bai sunkuya ba, ya ce kowa ya yi bisimilla.

“Da bitas ɗin da kah hau, da shi za ka sauka,” haka yake gaya wa Yaya. “Inji shi ka riƙon mota a gangare. Birki mataimaki na. In ka ɗora mai kaya duka sai shi yi zahi, in ya yi zahi kuwa ka taka ka ji awa ka taka kunu.”

Saboda haka saukarmu ba ta sauri ba ce. Injin ya yi ta kuka, mu yi ta rarrafe. Wata rana mai jaki ya wuce mu, ya waiwayo ya tambaya ko muna da saƙo ya kai mana gaba. Tsoho ko kallonsa bai yi ba. In an isa ƙasa sai ya sake tsayawa, ya bi ƙafafun motar ɗaya bayan ɗaya, ya kara bayan hannunsa kusa da kowace, ya sunkuya ya sansana. In ya ji ƙauri, sai a zauna a inuwa har ta huce, ko da kasuwa za ta watse.

Mutum ne mai faɗa, wannan ba zan ɓoye ba don ya rasu. Amma a wajen hawa, inda tsayawa ke da wuya, in ya ga tsohuwa da ɗaurin itace a ka sai ya tsaya. A sauka a sa wa ƙafar mota dutse, a ɗora tsohuwa, a ɗora itace, shi kuma yana ta mita: “Ku ba ku da jikoki? Motata ta itace ta?” Gobe ma in ya gan ta zai tsaya. In aka buga masa ƙofa don mara lafiya kuwa, tambaya ɗaya yake yi, ko an ɗauko tabarmar shimfiɗawa.

Yaya a gefensa ya girma. Da can suna wasa irin na jika da kaka, Yaya ya ɓoye masa hula, shi ya kira Yaya zaƙaƙurin raƙumi saboda tsawonsa. Amma tun ranar da ya ɗora shi a kan sitiyari wasan ya mutu a tsakaninsu. Suka zama maigida da yaronsa. Yaya ya koma yi masa magana kai a ƙasa. Ni ce kawai na ci gaba da zare masa ido yadda na ga dama.

Sai motar ta fara harbi.

A hanya miƙaƙƙiya lafiya lau take. Wajen hawa ma haka. Amma a gangare, da zarar an sa ƙaramin bitas an ɗage ƙafa daga totur, sai ka ji tas! tas-tas! tas! daga ƙarƙashinta, dutsen kuma ya amsa. A shekarun nan, da irin labaran da ake ji a rediyo da bakin matafiya, ba wanda ke jin wannan ƙara ya tsaya tambaya. Mutanen ƙauyen Gwaggo suka shiga uku. Amma wa zai tari dattijon da ya kai matarka haihuwa ya ce masa motarsa na firgita gari? Sai suka riƙa tare Yaya a kasuwa suna masa ƙorafi. Samari kuma suna masa ba'a, suna ce masa soja.

Yaya ya gaya wa Tsoho sau ɗaya, a hankali, yana kallon ƙasa. Tsoho ya ce, “Ɗan tari na, ba komi.” Yaya bai sake tayar da maganar ba.

Gaskiyar ita ce kunnen Tsoho ya fara mutuwa. Duk gidan mun sani. Rediyonsa ya koma yi wa unguwa duka labarai, kuma in ka yi masa magana ta baya ba ya juyowa. Amma ba wanda ya iya buɗe baki ya faɗa wa mutumin da kunne ne abin taƙamarsa. Harbin da ke tarwatsa mata a rijiya, shi ɗan tari yake ji.

Ranar da abin ya faru ban kasance a motar ba, Gwaggo ce ta ba ni labari. Tsoho ya tafi wajen bikin suna a wata unguwa, ya bar wa Yaya tuƙi. An cika mota da buhunan wake, da Gwaggo da wasu mata masu komawa ƙasa. A bakin gangare Yaya ya hango rijiya cike da mata da yara da garken shanu. Sai ya zare bitas, ya kashe inji, ya bar motar ta gangara shiru a kan birki kaɗai. Gwaggo ta ce da farko har daɗi suka ji, kamar ana tafiya a kan ruwa. Can sai ƙauri ya cika motar. Ta ga Yaya yana taka birki yana sake takawa, ƙafarsa na kaiwa har ƙasa, motar kuwa ƙara gudu take. Kafin kwana ta ƙarshe, wadda ke fuskantar rijiya, ya karya kan motar ya afka cikin shingen ƙaya na wata gona, yashi ya riƙe ta. Gwaggo ta karye a wuyan hannu. Wake ya watsu har bana yana tsirowa a wurin. Kajin wata mata suka sami 'yancin kai, ba a sake jin labarinsu ba. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba.

Tsoho ya sauko da ƙafa. Bai tambayi kowa komai ba. Ya kara hannu kusa da ƙafar motar ya janye da sauri. Ya buɗe gaba ya ɗora tafin hannunsa a kan inji, ya bar shi a wurin. Ƙafafu wuta, inji ko ɗumin kirki babu.

“Kashe ta kay yi,” ya ce.

“Tsoho, ƙarar ce. Mutane na…”

“Wace ƙara? Da mutane cikin mota ka kashe inji a gangare? Ba ni makulli. Tahi ka tuƙa amalanke.”

Kafin mako ya zagayo Yaya ya tafi Madawa, ya shiga lodin albasa a manyan motoci.

Ni kuwa na ga in ban faɗa ba babu mai faɗa. Na bari yana cin tuwo, na lallaɓo ta bayansa da murafen tukunya biyu, na haɗa su a saitin kunnensa. Ya zabura har miya ta zube. Na ce, “Haka motarka ka yi a gangare, mijin Iya! Kurma ka zama, gari duka ya sani!”

Ya ɗauki takalmi, na tsere bayan turmi. Ya ce, “Ke in kin ce kin ga raƙumi, akuya nika nema.” Ya ci gaba da cin tuwonsa. Amma na ga ya daɗe da loma a hannu bai kai baki ba.

Da ido ya gani daga baya. Mun sauka ni da shi, za mu kai wa Gwaggo hatsi tana jinyar hannu. Ya yi duk abin da ya saba a bakin gangare, muka fara rarrafe, motar ta fara aikinta. A kwana ta ƙarshe ta saki wani irin tas-tas-tas a jere. Wata mata a bakin rijiya ta saki igiyar guga, ta fizgo ɗanta, ta kife a kansa a ƙasa ta rufe shi da jikinta. Tsoho ya tsayar da mota. Muna kallo matar ta ɗago kai a hankali, ta ga motar wane ce, ta tashi ta kakkaɓe zanenta. Sai ta matso ta durƙusa ta ce, “Sannu Baba, an sauko lahiya?” Yaron yana ta tsala ihu, bakinsa duk ƙasa.

Tsoho ya amsa mata. Da ta tafi ya zauna riƙe da sitiyari, bai tada motar ba.

“Haka suka yi kullum?” ya tambaye ni.

“Kullum.”

“Kwaikwaya min ƙarar. Nan, cikin kunne. Yadda take, kar ki rage.”

Tunda nake ba a taɓa roƙona kar in rage ba. Na cika ƙirji da iska na yi masa. Ya rufe ido.

Washegari da sassafe, inji na sanyi, ya tashe ni. Ya kaɗa sabulun Iya a kwano, ya yayyaga wani tsohon zanenta wanda ta rantse sabo ne. Ya tada mota, ya sa Iya ta danna tsumma a bakin bututun hayaƙi da taɓarya, na ɗan lokaci kaɗan, don hayaƙin ya nemi wata hanyar fita. Iya tana dannawa tana cewa ita ba a aurar da ita ga mota ba. Ni na durƙusa ina bin bututun da kunne daga baya zuwa gaba, shi yana bina da kumfa. Can gaba, inda bututun ya haɗu da inji, na ji wani siririn huci, fsss. Na nuna masa. Ya shafa kumfa, sai ga ta tana tashi ƙwal-ƙwal, gefen wurin kuma baƙi ƙirin da kunkunniya.

Ya kashe mota ya zauna a ƙasa. Ya ce ta nan iska ke shiga. In ana gangara ƙafa ba ta kan totur, sauran isansi, wato fetur, da bai ƙone ba yakan bi bututu da zafinsa, in ya gamu da iskar sai ya tashi. “Abin da yaro ɗan koyo ka ganewa da kunne ɗaya,” ya ce.

Da can da gwangwanin tumatir da waya yake toshe irin wannan. Wannan karon ya aika Buza aka kawo masa ɗan faifan da ake sawa a mahaɗar, sabo fil. Kafin ya iso damina ta kankama, ruwa ya cinye hanyar gangare, mota ba ta fita. Kusoshin wurin sun yi tsatsa sun kafe. Ya yi ta fama da su, yau ya zuba mai, gobe ya ɗan murɗa, yatsunsa duk suka ɗaye. Ina dawowa daga gona in tarar da ƙafafunsa kawai a waje. Na ce masa ga waya, in kira Yaya ya zo ya taya shi. Ya ce daga ƙarƙashin mota, “Laihina daban, nashi daban. Bari a yi girbi.”

Ya gama gyaran. Samari suka gyara hanya. Bai kai ga sauka da motar ba, bai kuma kai girbin ba.

Bayan sadakar bakwai baƙi suka watse, Gwaggo ta ce za ta koma gidanta. A amalanke ta hauro, ƙafafunta sun kumbura da zama. Ta fito tsakar gida ta ce a kira mata Yaya, ta ce Baba ya ɗauko makulli daga aljihun rigar Tsoho.

Yaya ya ce, “Gwaggo, karɓewa yay yi. Bai maido min ba.”

“To ni ɗiyarshi ta, na ara maka. Hannun da ka karya ya warke. Ƙahwahuna kaka so su bi baya?”

“A nemo wani daga Deule.”

“Kai nika so. Wuce mu tahi, raƙumi.”

Ya karɓa kamar an ba shi garwashi. Ni ba a gayyace ni ba, amma kafin a rufe ƙofa ina tsakiyarsu. Kujerar direba an ɗaure ta daidai da Tsoho, don haka Yaya ya zauna a takure, gwiwoyinsa na gogar sitiyari. Motar ta tashi a bugu na biyu.

A bakin gangare ya tsaya. Ya fita ya zagaya. Ya dawo ya taka birki ya riƙe. Ya sa ƙaramin bitas. Can ƙasa rijiya cike take. Ya ce min, “In ta soma harbi, ki leƙa ki ɗaga musu hannu su san mu na.”

Na buɗe baki zan ce ba za ta yi ba, sai na rufe. Na ce, “To.”

Muka sunkuya. Injin ya ɗauki kukansa, motar ta riƙe kanta. Kwana ta farko, na ga kafaɗun Yaya sun ɗaga, yana jira. Ta biyu, gumi na bin wuyansa. Muka wuce shingen ƙayar, Gwaggo ta kama wuyan hannunta ba ta sani ba. Gurnanin inji kawai ake ji da tsakuwa a ƙarƙashin taya. Yaya ya ɗan karkatar da kai yana saurare, ya dube ni, ya mai da ido kan hanya.

A ƙasa ya tsaya a inuwa. Ya bi ƙafafun motar da bayan hannu. Sannan ya kwanta a ƙasa da rigarsa ta gaisuwa ya shige ƙarƙashinta ta gaba. Muka jira. Ya daɗe ƙwarai. Na sunkuya zan leƙa, Gwaggo ta riƙe min zane ta ce, “Bar shi.”

Da ya fito idonsa ja ne, akwai tsatsa a goshinsa. Ya ce, “Shi yay yi wanga aiki?”

“Shi kaɗai. Duk damina.”

“Ya ji ƙarar ke nan.”

“Bai ji ba. Gani yay yi.”

Ya jingina da motar. Can ya ce, “Mi yac ce a kaina? Hwaɗa min yadda yac ce. Don girman Allah kar ki ƙara ko gishiri.”

Na tsaya na tuna sosai. Ranar da ya ɗaure kusa ta ƙarshe, ya fito yana goge hannu, ya leƙa cikin motar ya yi wata magana da ban ɗauke ta komai ba, don ba ta da daɗin ba da labari.

Na ce, “Cewa yay yi, in raƙumin ga ya dawo sai an matsa kujera baya.”

“Shi ke nan?”

“Shi ke nan.”

Sai ya buɗe akwatin kayan aiki ya ɗauko sifana, ya durƙusa a bakin ƙofar direba, ya leƙa ƙarƙashin kujerar. Kusoshin nan shekara da shekaru ba a taɓa su ba, na zaci sai mun kwana a wurin. Ya sa sifana ya murɗa ta farko, ta juyo ba gardama. Ya shafa ta da yatsa ya ɗago ya duba. Mai ne. Duka an bi su an zuba musu.

Gwaggo ta ce, “Allah shi jiƙan Baba.” Muka ce amin.